Darasi: yadda nake tsara kwashe sabobin ƙaramin kamfani zuwa VM

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya ya aiki ya kasuwa. Yau ba danne-danne za mu yi da yawa ba, biro da takarda za su fi aiki, sai can wajen ƙarshe zan juya muku sikirin ku ga wani wuri guda da yake ba mutane wahala. Tambayar da aka fi yi min ita ce, to malam mun iya saka Proxmox, manhajar nan da ake ɗora VM a kanta, mun iya ƙirƙirar VM, amma mu da muke da saba uku ko huɗu a ofis suna aiki mutane suna cin abinci da su, ta ina za mu fara kwashewa ba tare da mun tsayar wa da Alhaji kasuwa ba? Shi za mu yi yau. Saba nake cewa, wasu a rediyo suna cewa uwar garke, duk abu ɗaya ne, VM kuma kun sani, kwamfuta ce da take zaune a cikin wata kwamfutar, ba zan tsaya a kansa ba.

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake yawan samu. Kamfanin raba kaya, ma'aikata kamar 25, akwai sito akwai ofis a sama. Saba ta farko ita ce take riƙe da sunayen ma'aikata da kalmar sirrinsu, wato domen, kuma a kanta ake ajiye fayil, Windows Server 2012 R2 ce a kai. Ta biyu ta lissafi ce, manhajar akanta da SQL Server, wato ma'ajiyar bayananta. Ta uku kuma, ita ba ma saba ba ce, wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburin sakatare da take karɓar dangwalen yatsa na shiga aiki kuma firintoci biyu suna rataye a wuyanta, kowa ya manta da ita har sai ranar da mai shara ta zare mata waya.

Abu na farko, kar ka sayi komai. Na san hannu yana ƙaiƙayi, an ce maka ga kuɗi je ka kawo sabuwar na'ura, a'a, tukuna. Ɗauki littafi ka zagaya ofis ɗin da ƙafarka, ka leƙa ƙarƙashin tebura, ka leƙa bayan kowace saba ka ga me aka soka mata. Kowace na'ura ka ba ta shafi guda: wane Windows ne, adireshin IP ɗinta, ram nawa, diski nawa kuma nawa aka cinye, wace manhaja take kai, waye yake amfani da ita, in ta mutu yau wa zai fara ihu. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci wallahi, kuma ba a wajen manaja za ka samu amsar ba, je ka zauna da akanta da mai sito da kashiya, su ne za su ce maka ai duk ƙarshen wata akwai wani abu da yake fitar mana da rahoto da kansa da daddare, sai ka je ka duba Task Scheduler ka tarar da wani ɗan aiki da wani ya rubuta shekara takwas da suka wuce ya bar kamfanin, ba wanda ya san da zamansa.

Kuma ku duba bayan saba da kyau, da fitila in ya kama. Ni abin da ya taɓa faruwa da ni, wani wuri ne ba zan kama suna ba, na kwashe musu komai ranar Asabar lafiya ƙalau, na gwada shiga na gwada fayil na tafi gida ina jin kaina, Litinin ƙarfe takwas da kwata waya ta fara ruri, manhajar lissafi ta ƙi buɗewa tana neman lasisi, motoci sun yi layi a bakin sito ba a iya fitar da rasit ba. Ashe ɗan dongul ne, ɗan mitsitsin abu kamar filashi, a soke a bayan tsohuwar sabar ƙura ta rufe shi. Na hau acaɓa na je na zare na soka a sabuwar na miƙa wa VM ɗin ta USB, minti biyar aka gama, amma kallon da Alhaji ya yi min ranar har yau ina tuna shi. Tun daga nan ba na fara aiki sai na ɗauki hoton bayan kowace saba da waya.

To bayan lissafin kaya sai awo. Kar ka ce tsohuwar tana da ram 32 saboda haka VM ɗin ma 32, a'a, duba abin da take ci na gaskiya. Buɗe Performance Monitor ka bar shi yana rubutawa na sati guda, kuma ka tabbata satin ya haɗa da ƙarshen wata lokacin da ake rufe lissafi ana biyan albashi, don in ka auna a tsakiyar wata ƙarya za ta yi maka. Yawanci abin da za ka gani zai ba ka dariya, furosesa tana zaune a kashi 5 ko 10 cikin ɗari, na'ura tana shan wuta tana hura zafi ba ta aikin komai. Yi lissafin da kanka, saba mai jan wat 200 in ta kwana ta wuni wata guda yunit 144 ke nan, sau uku 432, ka je ka duba nawa kuke sayen yunit a layinku ka ninka, ban da man janareta ban da AC da yake sanyaya su. Wannan lissafin shi nake kai wa mai kamfani, don in ka tsaya kana masa bayanin haifabaiza, wato manhajar da take riƙe da VM, barci zai yi.

Ƙa'idata a awo mai sauƙi ce: furosesa ana iya rabawa, ram ba a wasa da shi. Kor su ne ƙananan injinan da suke aiki a cikin furosesa, kor takwas na gaske za su iya ɗaukar VM da jimillar kor ɗinsu ta fi takwas, don ba lokaci guda suke nema ba. Amma ram, tara shi za ka yi ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu domen 4, fayil 8, lissafi 16, ƴar ƙarƙashin tebur 4, 32 ke nan, ka bar wa shi mai masaukin, wato sabar da take ɗauke da su, nasa, in ZFS za ka yi, wani tsarin haɗa diski ne da ajiye bayanai, ka bar masa da yawa don yana da ci, sannan ka bar wurin gwaji da wurin abin da za a ƙaro baɗi, to ka ga 64 ne amsar. Kuma kar ka zuba wa VM kor da yawa kana ganin gata ka yi mata, fara da 2, ta lissafi 4, in ta nema ka ƙara, ƙarawa minti ɗaya ne.

Na ce domen daban fayil daban ko? Eh da gangan ne, a tsohon tsari suna tare saboda ba kuɗin sayen ƙarfe biyu, yanzu raba su ya zo da sauƙi, sai dai lasisi, za mu zo wajen.

Maganar ƙarfe. Mafi yawanmu tokumbo muke saya, ba abin kunya ba ne, Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380 Gen9, ana samunsu a Computer Village ta Ikeja, a Kano ma in ka zaga Beirut Road za a nemo maka. Ni Dell na fi sabawa da ita saboda iDRAC ɗinta, ina gida ina kunna ta ina kashewa, amma iLO na HP ma aikin ɗaya ne, ra'ayi ne kawai. Abin da ba na yarda in saya tsoho shi ne diski. Ƙarfe tsoho eh, diski sabo, kuma SSD irin na saba wanda yake da kariya in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, ba irin na laftof ba, guda biyu aƙalla suna madubin juna. A nan ake yin kuskure, a da kowace saba da diskinta, yanzu huɗu za su taru a kan guda, in ka sa mai juyawa irin na da, akanta yana jan rahoto kowa a ofis sai ya ji a jikinsa. In kuma ZFS za ka yi kar ka ɗora shi a kan RAID na kati, wato katin da yake haɗa diski da yawa su zama kamar ɗaya, mayar da katin yanayin HBA ya miƙa diskin kai tsaye, in katin ba ya yi to ka bar shi da RAID ɗinsa ka yi LVM, wani tsarin raba diski na Linux, ka duba batirin katin kawai. VT-x, mai ba furosesa damar ɗaukar VM, a kunna shi a BIOS, kun san wannan, wucewa zan yi.

Wace manhajar VM za a ɗora a kan sabar? Ba zan ɓata lokaci ba. A da kowa VMware ESXi yake sakawa, ni ma da shi na koya. Broadcom ta saye VMware a ƙarshen 2023, aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma na shekara-shekara, a farkon 2024 aka janye na kyautar, daga baya a 2025 suka dawo da shi, to ni dai ba zan ɗora kasuwar mutum mai ma'aikata 25 a kan abin da yau akwai gobe babu ba, manyan bankuna su je su yi ta yi. Saura biyu, Hyper-V na Microsoft da Proxmox. In duk ofis ɗin Windows ne kuma yaron da zai riƙa kula da shi bayan ka tafi bai taɓa ganin baƙin sikirin na Linux ba, ba shi Hyper-V ku rabu lafiya. In ba haka ba Proxmox, kamfanin a Vienna yake ƙasar Ostiriya, a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina shi, kyauta ne sai in kana son tallafinsu ka biya, kuma bakof, wato kwafin ajiya don ranar matsala, yana cikinsa ba sai ka sayo wani abu ba. Da shi zan nuna.

Lasisi, ku kasa kunne nan don shi yake ɓata kasafi. Windows ɗin da ya zo tare da tsohuwar saba, mai sitika a jiki wanda ake kira OEM, na wannan ƙarfen ne, ba ya bin ka zuwa sabuwa. Windows Server Standard kuma kor ake ƙirgawa na ƙarfen gaba ɗaya, mafi ƙaranci 16, kuma in ka biya duka kor ɗin VM biyu na Windows Server ya ba ka dama, biyu kacal. Kana son na uku da na huɗu, sai ka sake biyan duka kor ɗin. To ka ga in ka je ka kwaso saba mai furosesa biyu kowace kor 14 saboda ta yi arha, ka jawo wa kanka biyan 28, alhali aikinka ko 8 bai cinye ba. Shi ya sa nake cewa furosesa ɗaya ta isa, ko biyu masu kor takwas-takwas. Sannan ka kira masu manhajar lissafin tun kafin ranar, ka tambaye su lasisinku da me yake ɗaure, dongul ne, lambar katin netwok ce, ko sunan kwamfuta, kuma in an canza na'ura wa zai sake kunna shi kuma yana ɗaga waya ranar Asabar?

Yanzu kowace saba sai ka yanke mata hukunci, ɗaukarta za a yi yadda take ko sabuwa za a gina. Ni ra'ayina duk abin da za a iya ginawa sabo a gina. 2012 R2 Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro tun Oktoban 2023, 2008 R2 tun Janairun 2020, in ka ɗauke ta yadda take tsohuwar matsala ka sauya wa ɗaki. Domen musamman, kar ka kwafe ta. Gina sabuwar VM, shigar da ita domen ɗin, ɗaga ta ta zama mai riƙe da domen ta biyu, bar su kwana biyu su daidaita, miƙa mata muƙaman FSMO guda biyar, wato manyan ayyukan shugabancin domen, gyara DNS da DHCP, masu fassara suna da raba adireshi, su nuna ta, sannan ka sauke tsohuwar cikin mutunci. Ba wanda zai ma san an yi. Fayil kuma robocopy, umarnin kwafi na Windows, ka kwafe babban kaso tun cikin sati tare da izinin kowane folda, ranar ƙaura sai ka sake gudanar da shi ya ɗauko abin da ya canza kawai. Ta lissafi ita ce yawanci ake dolen ɗauka ɗungurungum, saboda faifan sakawa ya ɓata ko wanda ya saka ba a san inda yake ba.

To ita zan nuna. Kai matso da kamarar nan, a'a bar shi ma zan ɗauki sikirin ɗin kai tsaye. Wannan ta gwaji ce na haɗa.

Kafin komai a tsohuwar, buga msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, Legacy ne ko UEFI, rubuta a littafinka. Sannan tsayar da SQL da sabis ɗin manhajar, kar ka kwafi ma'ajiyar bayanai ana tsakiyar rubutu a cikinta, kuma ka yi mata bakof nata na SQL daban ka ajiye a gefe. Sai Disk2vhd, mai mayar da diskin saba fayil guda, na Sysinternals ne kyauta, ɗan ƙarami. Ka bar alamar Vhdx da ta Volume Shadow Copy, ka zaɓi C da D, kuma ka zaɓi wannan ɗan ƙaramin yankin marar harafi, mutane suna tsallake shi suna ganin ba komai ba ne, to shi ne mai tayar da Windows ɗin. Ka ajiye a diskin waje, ba kan wanda kake kwafa ba.

A Proxmox na ƙirƙiri VM lamba 101 babu diski. Nan wajen BIOS, tawa Legacy ce saboda haka SeaBIOS, a'a tsaya, bari in duba littafin, wannan UEFI ce, ta jiya ce Legacy, to OVMF ke nan kuma sai an ƙara mata ɗan diskin EFI. Kun ga amfanin rubutawa, da na bar shi da sai ta tsaya tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba in yi ta zargin kwafin. Sai umarni, qm importdisk, 101, hanyar fayil ɗin, sai sunan ma'ajiya, ni local-lvm. Zai ɗauki lokaci, na riga na yi ɗaya ɗazu don kar mu zauna muna kallon kashi-kashi.

Yauwa, ga shi ya fito a Hardware da sunan Unused Disk. Nan ne wurin, nan ne na taɓa kwana biyu ina fama, don haka ku yi haƙuri zan ja shi. In ka danna shi sau biyu zai tambaye ka wane irin mahaɗi, kuma duk inda ka karanta za a ce maka VirtIO SCSI ya fi sauri, gaskiya ne ya fi. Amma in ka zaɓe shi yanzu Windows za ta fara tashi, ƙwallayen nan su juya su juya, sai shuɗin sikirin, INACCESSIBLE BOOT DEVICE, a tsofaffi lamba ce mai ƙarewa da 7B. Ba kwafinka ne ya lalace ba, kar ka koma ka sake awa uku kana kwafa kamar yadda na yi har sau biyu. Abin da ya faru, Windows tana buƙatar direba kafin ta iya karanta diskin, direban kuma ba ta da shi, ko yana cikin diskin da ba ta iya karantawa ba, kamar ka kulle ɗaki makullin yana ciki. Saboda haka SATA za ka zaɓa tukuna, in SATA ma ta yi shuɗi, don wadda ta saba da katin RAID wani lokaci tana yi, gwada IDE, a hankali yake amma yana tashi. Je Options ka sa shi a Boot Order, wannan ma ana mantawa.

Kafin ka kunna, katin netwok ɗin VM ɗin ka sa masa alamar Disconnect. Zan faɗi dalili yanzu.

Ta tashi. To ga dabarar: ka ƙara mata wani ɗan diski na banza, giga 1, shi kuma a matsayin SCSI, mai kula da shi VirtIO SCSI. Ka saka faifan virtio-win a CD ɗinta ka saka direbobin, har da guest agent, ɗan shirin da Proxmox yake magana da Windows ta hanyarsa. Amfanin ɗan diskin shi ne Windows ta ga na'urar da idonta ta ɗora direban ta san da shi, don in ka saka direba kawai babu na'urar da take amfani da shi sau da yawa ba ta loda shi lokacin tashi, ka koma gidan jiya. Duba Disk Management, ka ga ɗan giga ɗayan? To ya kama. Kashe VM, Detach babban diskin, kar ka danna Remove don Allah, Detach, zai koma Unused, sake haɗa shi a SCSI, koma Boot Order ka sake zaɓarsa saboda sunansa ya canza daga sata0 zuwa scsi, kunna. Shi ke nan ta tashi, sai ka goge ɗan na banzan. In 2008 R2 kake fama da ita sabon faifan virtio ba zai yi maka ba, tsohon fitowa za ka nemo.

Dalilin cire netwok: wannan VM ɗin da tsohuwar sabar suna ɗaya, komai ɗaya, in suka haɗu a layi guda rabin ofis zai rubuta a waccan rabi a wannan, kuma ba mai iya haɗa maka lissafin nan daga baya. Doka ce, ba sa taɓa kasancewa a kunne a netwok ɗaya. Sannan in ka zo saka mata tsohon IP ɗinta za ta ce wai akwai wani kati mai wannan adireshin, fatalwar tsohon katin ne, Device Manager, View, Show hidden devices, ka cire shi. Ka cire manhajojin Dell ko HP na tsohon ƙarfen su ma, ba su da aikin yi a nan. Dongul kuma Add, USB Device, ka zaɓe shi.

Mu koma takarda. Da saba uku in ɗaya ta mutu biyu suna aiki. Yanzu guda ce, in ta faɗi kowa ya tashi, wannan gaskiyar ka faɗa wa mai kamfani baki da baki kafin ya sa hannu, kuma kuɗin da aka rage na ƙarfe a nan za a kashe shi. Wuta tukuna: yufiyes, wato batirin riƙe wuta, na kirki irin onlayin, ko da akwai inbata da sola, saboda ɗan tsakanin nan da ake juya layi zuwa janareta shi yake kashe diski. Ka haɗa shi da sabar ta USB ka saka NUT, manhajar da take sauraron yufiyes ɗin, in batir ya kusa ƙarewa ya kashe VM ɗin ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, amfanin guest agent ɗin ɗazu ke nan. Ka gwada shi, zare filogi ka tsaya kana kallo, kar ka ɗauka yana yi. A BIOS ka sa ta kunna kanta in wuta ta dawo, a kowace VM ka sa Start at boot da jeri, domen farko, a jira kamar minti biyu, sai fayil, sai lissafi. Ƙura kuma, lokacin hunturu ku riƙa hure ta, ɗakin a rufe, ba wajen ajiye tsintsiya da jarkar mai ba ne.

Bakof. Sinafshot, wato hoton yanayin VM na wani lokaci, ba bakof ba ne, a kan diski ɗaya yake zaune da VM ɗin, diskin ya tafi sun tafi tare, na ɗaukar minti talatin ne kafin ka yi wani gyara sannan ka goge. Ɗaya daga cikin tsofaffin sabobin nan, mai ɗan ƙarfi a ciki, bayan komai ya lafa ka sa mata sababbin diski ka ɗora Proxmox Backup Server, kullum da daddare ta karɓa, kuma a wani ɗakin daban in da hali. Sannan kwafi ɗaya ya bar ginin, diskin waje biyu ana musanyawa duk Juma'a ko a tura sama in datarku tana ɗauka, gobarar kasuwa ba baƙon abu ba ce a wajenmu. Kwafi uku, wuri iri biyu, ɗaya a waje. Kuma ranar farko ka dawo da VM ɗaya daga bakof ɗin da wata lamba daban, netwok a cire, ka ga ta tashi, ka duba agogo ka rubuta minti nawa ta ɗauka, don ranar da abu ya faru tambayar farko da za a yi maka ita ce yaushe za mu dawo aiki. Masu tambayar kulasta, wato haɗa saba da yawa su riƙa rufa wa juna baya, na'ura biyu ba ta isa ba sai da ƙuri'a ta uku, ƙaramin kamfani ku bar wannan tukuna.

  

Ranar ƙaura. Kar ka kwashe duka rana ɗaya, fara da wadda in ta lalace ba mai kuka, ƴar ƙarƙashin tebur, ta yi sati. Sai domen, sai fayil, lissafi a ƙarshe, kuma ba ƙarshen wata ba, ba satin kaya suna shigowa ba, ba jajibirin sallah ba. Lissafa lokacin kwafi tun kafin: giga 500 a layin gigabit kamar awa ɗaya da rabi ne in komai lafiya, in akwai wani tsohon suwic mai 100 a tsakani ya haura awa 12, kuma sau biyu za ka kwafa, fita da shiga. Shi ya sa nake yin gwajin gaba ɗaya sati guda kafin ranar, kwafi na gwaji, in tayar da shi netwok a cire, in kira akanta ya zauna a gabansa ya buɗe ya ja rahoton watan jiya ya gwada da na takarda. Shi zai ce ya yi, ba ni ba.

Sannan ka rubuta lokacin juyawa. Misali an tashi Asabar ƙarfe biyu, ka ce in ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi ta yi abu bai daidaita ba, na kashe VM na mayar wa tsohuwar wayarta, Litinin a yi aiki kamar ba a yi komai ba, a sake shiri. Rubuta shi ka nuna wa manaja, don in dare ya yi kana gajiye zuciya za ta riƙa ce maka saura kaɗan saura kaɗan har asuba. Tsohuwar sabar kuma kashe ta kawai za ka yi, zare wayar netwok, manna mata takarda da kwanan wata kar wani ya kunna, ba a goge ta ba a sayar ba a ba ɗan oga ya yi gem da ita sai an rufe lissafin wata guda cur a kan sabuwar, ni har biyu nake so. Amma ka sani da zarar an shiga Litinin an fara buga rasit a sabuwar, komawa ba zare waya ba ne kuma, sai ka ɗauko bakof ɗin SQL na ranar ka mayar a tsohuwar, wannan ma ka rubuta matakansa.

Litinin ɗin ka riga kowa zuwa, ka zauna kusa da kashiya har a fitar da rasit na farko da na goma, firinta ce yawanci take bore ko wata kwamfuta da aka rubuta mata tsohon IP da hannu. Bari in duba wancan kwafin da na bari yana tafiya, kashi 71, to ba zai gama yanzu ba kuma an kusa kiran la'asar. A na gaba za mu ɗora Proxmox Backup Server a kan tsohuwar R720 ɗin can da kuke gani a bayana, mu goge VM da gangan mu dawo da ita muna duba agogo. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.